Amsoshin Tambayoyinku: Shin Birkin Masu Hawa Duwatsu da Keke Zai Amfani Kekunanmu?

TAMBAYA

 Ni mai gyaran keke ne a Dantchiao, cikin gundumar Magarya. Kwanan baya wani abokina ya nuna mini a wayarsa wasu Turawa suna wasa da wani ɗan keke marar sirdi. Mutum zai ɗaga ƙafar gaba, ya tsaya cak a kan ta baya, ya yi tsalle daga wannan dutse zuwa wancan, bai sa ƙafarsa ƙasa ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne birkinsu. Da ya matsa sai ka ji ƙara, taya ta kafe, ko motsi. Abokin nawa ya ce wai gurza rim suke yi, su shafa masa kwalta. Mu kuwa a nan kukan masu keke ɗaya ne kullum: robar birki ba ta daɗewa, da damina kuma sai ka matse hannu iya ƙarfinka keke na ta tafiya. Idan ta kasuwa ta ƙi, nakan yanka musu daga tsohuwar taya. Malam, wane irin wasa ne wannan? In na gurza rim na shafa kwalta, birkin mutanenmu zai gyaru? Kuma yaya zan yi in samar da robar birki ta kirki da abin da ke hannuna? Allah ya ƙara basira.

Daga wani mai karatu, Dantchiao.

AMSA

 Allah ya yi wa sana'a albarka. Na ji daɗin tambayarka, domin ta mutum ce da ya san cewa ran wanda ya kawo masa gyara yana hannunsa. Bari in fara da abin da ya fi gaggawa: kada ka gurza rim ɗin kowa, kada kuma ka shafa masa kwalta. Abokinka bai yi ƙarya ba, haka suke yi, amma buƙatarsu daban, ta mutanenka daban. Duk da haka akwai ilimi mai yawa a wurinsu da zai yi maka amfani, kuma shi zan warware maka daki-daki.

Wasan da ka gani ana kiransa tirayal. Asalinsa na masu babur ne. Tun 1909 ake yin wata gasa a tsaunukan Sikotilan, inda a yau ake kwana shida ana bin duwatsu da rafuffuka da babur, kuma ba wanda ya fi gudu ake nema ba, wanda ya fi iya sarrafa abin hawansa ake nema. Na keke kuwa a yankin Kataloniya na ƙasar Sifaniya ya kafu, wajen ƙarshen shekarun 1970. Wani gwanin babur mai suna Pere Pi, wanda yake aiki da kamfanin babura na Montesa, shi ya tsara wani ƙaramin keke domin ɗansa Ot Pi ya koyi wasan kafin ya isa hawa babur. Abin ya karɓu a wurin yara da samari, har a 1983 uban ya kafa kamfanin kekuna mai suna Monty, ɗan kuma ya zama zakaran duniya sau da dama. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, tana shirya gasar duniya ta wannan wasa tun 1986. Wanda ya ƙara fito da shi ga idon jama'a shi ne Danny MacAskill, ɗan tsibirin Skye a Sikotilan, wanda wani ɗan gajeren fim da aka ɗauke shi a titunan birnin Edinbura a 2009 ya zaga duniya. Zai yi maka daɗi ka ji cewa a lokacin shi ma mai gyaran keke ne a wani shago.

Dokar wasan ba ta da wuyar ganewa. Ana shata wani ɗan fili mai duwatsu ko gungumen itace ko tubalan siminti, a ce wa ɗan wasa ya ratsa shi cikin ƙayyadadden lokaci, wanda a gasar UCI minti biyu ne. A tsarin da aka daɗe ana bi, duk sa ƙafa ƙasa laifi ɗaya ne, in ya kai biyar ya faɗi wannan zango. Keken na gasa iri biyu ne, mai taya inci 20 da mai inci 26. Ba shi da sirdi domin ba a zama, giyarsa ɗaya ce mai laushi, tayar baya kuma faffaɗa ce da ba a cika mata iska sosai, don ta rungumi dutse.

Yanzu dubi abin da birki ke yi a wannan wasa. Ɗan wasa yana tsaye a kan ƙafar baya, ya danne birki da yatsa ɗaya. Idan zai yi tsalle sai ya saki birkin na ƙiftawar ido, ya doki feda, keke ya tashi, kafin ya sauka ya sake dannewa. Sau da yawa a gefen dutse yake dira, rabin tayar na kan dutsen rabi na lilo, nauyinsa duka yana jan ƙafar ta juya da baya. In birkin ya zame ko da faɗin yatsa ne, da ƙeya zai faɗi. Saboda haka shi ba rage gudu yake nema a wurin birki ba. Abu biyu yake so: ya cafke nan take, kuma in ya cafke ya riƙe, gaba da baya.

Wannan buƙata ce ta sa suka bi kowane sashe na birkin suna gyarawa. Yawancinsu suna amfani da birkin da ke aiki da mai a cikin siririn tiyo maimakon waya. Kamfanin Magura na garin Bad Urach a Jamus ne ya fito da irinsa na keke a 1987, kuma samfurinsa mai suna HS33 ya daɗe yana zama abin da aka fi gani a ƙafar baya ta kekunan tirayal. Mai ba ya miƙewa yadda waya ke miƙewa, don haka ƙarfin yatsa yana isa ga robar bai zube a hanya ba. Sun kuma lura cewa idan birkin ya matsa da ƙarfi, ƙarafan jikin keken suna buɗewa kaɗan, sai suka ɗaura wani lanƙwasasshen ƙarfe ya haɗa ɓangarorin biyu don ya hana su buɗewa. Sannan suka zo kan rim: sukan ɗauki injin yankan ƙarfe irin na masu walda su bi gefensa a hankali, su bar masa ƙananan tsaga masu kaifi da roba za ta kama. Wasu kuma sukan goga ɗan dunƙulen kwalta a jikinsa don ya yi danƙo. Ƙarar da ka ji daga nan take fitowa.

Robar kanta ba irin baƙar robar da ka sani ba ce. Galibi foliyuretan ce, wani sinadari da Bajamushe Otto Bayer da abokan aikinsa suka samar a 1937, wanda ake iya zuba shi a ma'auni ya daskare da taurin da ake so. Ana auna taurin roba da wani mizani mai suna Shore, daga 0 zuwa 100. Fuskar tayar mota takan kama wajen 60 zuwa 70, robar birkin ƴan tirayal kuwa yawanci tana tsakanin 80 da 95. Mai laushi ta fi kama rim mai santsi, amma in aka sa ta a gurzajjen rim nan da nan za ta ƙare. Mai tauri ta fi jure gurzajje, amma a kan mai santsi sai ta zame. Kuma da yawa daga cikin robobin da suka yi suna a wasan ba manyan kamfanoni ne suka fara yin su ba. Ƴan wasa ne da iyalansu, a ƙananan ɗakunan aiki, suna yanka suna gwadawa suna zubarwa har suka dace. Wannan shi ne darasin farko da nake so ka riƙe: babu robar da ta fi kowace a ko'ina. Ingancin birki yana ga dacewar abu uku, roba da rim da aikin da ake so su yi.

To me ya sa dabararsu ba za ta yi a Dantchiao ba? Na farko, ka tuna wanda ke zuwa wurinka. Mutum ne da ya ɗauro buhun gero ko wake a kariya zai kai kasuwar Magarya ko Dungas, ko zai tsallaka Maigatari ranar Alhamis, ko yaro ne da ya rataye jarkoki daga rijiya. Shi birkin da yake so wanda zai rage masa gudu ne sannu-sannu, in ya ƙara matsawa ya ƙara ci. Idan taya ta kafe lokaci guda a kan rairayi da kaya a baya, keken zai zame ya watsar da shi. In kuwa ta gaba ce ta kafe a kan tsandauri, ta saman kan keken zai wuce. Birkin da ke ceton ɗan tirayal shi ne zai ka da mai ɗauke da buhu.

Na biyu, rim ɗinsu na alminiyam ne mai kauri, kuma sun san kowace gurza tana cin jikinsa. Bayan ƴan lokuta sai su jefar su sayi sabo, domin a wurinsu kayan wasa ne. Kekunan da suka fi yawa a karkararmu, irin su Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya da tsofaffin Raleigh na Ingila, rim ɗinsu na baƙin ƙarfe ne marar kauri, an lulluɓe shi da wani siririn rufi mai ƙyalli da ke hana tsatsa. Ka gurza shi, ka cire rufin. Damina ɗaya ta isa tsatsa ta cinye shi, wata rana ya tsage a ƙarƙashin kaya. Na uku, kwalta. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, narkewa za ta yi ta kwashi yashi, yashin ya ci roba ya ci ƙarfe. In ruwa ya taɓa ta kuma santsi take yi. Su kansu ƴan wasan ba sa dogara da ita ranar da ake ruwa.

Mu dawo kan kukan mutanenka. Rashin cin birki da damina ba laifin hannunka ba ne. Sananniyar matsala ce ta rim mai ƙyalli a duk duniya: ruwa yana shimfiɗuwa a kansa, roba ta riƙa shawagi a kan ruwan ba ta taɓa ƙarfe ba, sai ƙafar ta juya sau da yawa robar ta share ruwan kafin ta fara ci. Saurin ƙarewar roba kuwa yawanci aikin yashi ne. Ciro tsohuwar roba ka duba fuskarta a rana, za ka ga ƙwayoyin yashi sun nutse a ciki suna walƙiya, wani lokaci har da ɓurɓushin ƙarfe. Irin wannan roba ta zama dutsen niƙa, tana niƙa rim tana niƙa kanta. Ka ƙara da baƙin man da ake zuba wa sarƙa yana ɗiga a kan rim, da rana da ke busar da roba har ka danna farce ya ƙi shiga, da ƙafar da ta karkace har aka sassauta birki don kada ya riƙa gugar ta.

Akwai kuma lissafin kaya da gudu. A ce mutum kilo 60 ne, kekensa kilo 20. In ya ɗora buhu mai kilo 100, nauyin da birki zai tsayar ya tashi daga 80 zuwa 180, ya ninka har da ɗori. Gudu ya fi haka tsanani: in ka ninka gudunka, tazarar da za ka ci kafin ka tsaya ninki huɗu take yi. Wannan ya kamata kowane mai keke ya ji daga bakinka.

Saboda haka kafin ka zargi roba, bi waɗannan. Miƙar da ƙafar ta hanyar ɗaure wayoyinta har ta daina rawa. Wanke rim da ruwa da sabulu, ka tabbata babu maiƙo. Tsince yashin da ke cikin roba da tsinin wuƙa, ka goge fuskarta a kan siminti ko takardar yashi ta kafintoci har sabon jiki ya fito. Daidaita ta yadda duk fuskarta za ta kwanta a kan rim, ba gefe ɗaya ba, kuma ba ta taɓa taya, tazararta da ƙarfen ba ta wuce milimita 2 zuwa 3 ba. In birkin sanda ne, bi kowace mahaɗa, domin ɗan sako-sako a nan da ɗan sako-sako a can su ke shanye ƙarfin hannu. In na waya ne, wayar da ta fara warwarewa a sake ta, a sa mata ɗan mai a cikin gidanta. Wannan shi ne darasi na biyu daga ƴan tirayal: duk inda ƙarfi ke zubewa tsakanin yatsa da rim, a toshe shi. Kuma ka roƙi masu cire birkin gaba saboda tsoro su mayar. A kan ƙasa mai tauri shi ke yin mafi yawan aikin tsayawa, domin nauyi gaba yake komawa. A cikin rairayi ne ake sassauta masa a jingina da na baya.

Game da yanka roba daga tsohuwar taya, kada ka ji kunyar wannan. Masana'antar birki ta duniya da irin haka ta faro. Herbert Frood, mutumin yankin Dabisha a Ingila, ya ga masu amalanken doki suna lika tsofaffin takalma a jikin katakon birkinsu idan za su gangara tudu. Wannan ya sa ya shiga gwaji da saƙaƙƙen auduga da yake jiƙawa da sinadarai, a 1897 ya kafa sana'ar da ta zama kamfanin Ferodo. Abin da ya bambanta shi da masu amalanken shi ne ya gwada, ya kwatanta, ya gyara. Idan za ka yanka, ka guji duk wurin da ke da wayar ƙarfe a ciki, kamar ƙarƙashin fuskar tayoyin mota na zamani, domin wayar za ta kankare rim. Ka zaɓi roba tsantsa wadda ba ta tsattsage ba, wadda farce ke ɗan shiga ya dawo. Ka yanke ta ta cika gidanta dam. Ka yi mata tsaga biyu ko uku a karkace a fuska, don ruwa da yashi su sami hanyar fita. Abu mafi muhimmanci, gidan robar yana da baki ɗaya a toshe ɗaya a buɗe. Toshesshen ya kasance a wajen da rim ke tura robar idan keke na tafiya gaba. In aka juya shi, birki ɗaya mai ƙarfi zai fitar da robar, mai keke ya matsa ya ji wayam.

Ga wata dabara da ta dace da ƙasarmu. Tun da daɗewa masu yin kayan keke a Birtaniya, irin su kamfanin Fibrax, suna yin robar birki mai ɗauke da fata a fuskarta musamman domin rim na baƙin ƙarfe, saboda fata ta fi roba kama jiƙaƙƙen ƙarfe. Mu kuwa fata ba baƙuwarmu ba ce. Majeman Damagaram da na Kano sun gaji jima da bagaruwa kaka da kakanni, kuma da wuya ka rasa baduku a kasuwar mako. Nemi ƙirgi mai kauri wanda ba a shafa masa mai ba, ka yanko siriri daidai tsawon robar. Ka tsaga robar a tsaye ta tsakiya ba tare da ka raba ta biyu ba, ka cusa fatar da gam irin na masu faci, ka matse gidan ya riƙe su tare, sannan ka goge fuskar ta zama daidai. Wannan na rim ɗin baƙin ƙarfe ne kawai. Kada a sa wa na alminiyam irin na kekunan gwanjo, shi roba mai kyau ta ishe shi.

Amma kada ka sa wa kowa sai ka gwada a kekenka, kuma a ƙafar baya tukuna. Nemi wuri mai ɗan gangare da ƙasa mai tauri, inda babu mutane da dabbobi. Ka sa alama inda za ka fara, ka ja layi a ƙasa inda za ka matsa birki. Ka sako keken ba tare da taka feda ba, domin gudun ya zama ɗaya kowane zuwa. Inda ka tsaya, ka ƙirga taku daga layin. Yi sau uku a bushe, ka kwarara ruwan buta a kan rim ka sake sau uku, sannan ka ɗaura jarka biyu masu lita 25 cike da ruwa, wato kilo 50 ke nan, ka maimaita. Rubuta komai a littafi: robar kasuwa taku kaza, ta taya kaza, mai fata kaza. Abu ɗaya za ka riƙa sauyawa a kowane gwaji, in ba haka ba ba za ka san wanda ya kawo bambancin ba. Bayan wata guda ka ciro su ka ga wadda ta fi ƙarewa, ka duba ko ta yi wa rim rauni. Wannan shi ne darasi na uku, kuma ya fi sauran: abin da ya kai waɗancan ƴan wasa ga birkin da ya burge ka shi ne yawan gwaji da lura.

Duk wannan bayani na keke ne. Idan aka kawo maka babur, ka sa masa takalmin birki na kamfani, domin gudu da zafin da ke cikin gangarsa sun fi ƙarfin robar taya da fata. In ka buɗe gangar kuma kada ka hure ƙurar da baki, ka share ta da jiƙaƙƙen tsumma. Wasu kayan birki suna ɗauke da sinadarin asbesto, wanda shaƙarsa ke jawo mummunar cutar huhu bayan shekaru.

Idan kuma wasan ne ya shiga ranka, ko ran yaran da ke zama a rumfarka, ba sai da keken Turai ake farawa ba. Matakin farko a wurin kowane gwani shi ne tsayuwa a kan keke wuri ɗaya ba tare da sa ƙafa ba: a karkata kan keken kaɗan, a miƙe tsaye a kan feda, a riƙa wasa da birki. Daga nan sai tafiya a kan layi, sai hawa ɗan tudun da bai wuce tsawon tafin hannu ba. A yi da hular kwano, a kan keke marar kaya, nesa da hanyar mota. Wanda ya ga manyan duwatsun unguwar Birni a Damagaram ya san Allah ya hore mana filin wannan wasa, sai dai ba a fara hawa daga can. Ko yaro bai taɓa shiga gasa ba, in ya iya tsayuwar nan ya san yadda birki ke amsa yatsa, zai fi iya kare kansa ranar da akuya ta gitta masa da kaya a baya.

Ina roƙonka, in ka yi gwajin nan ka aiko mana da abin da ka samu, da lissafin takun yadda ka rubuta shi, ko fatar ta yi ko ba ta yi ba. Za mu buga domin masu gyara na Magarya da Dungas da sauran garuruwa su gwada a nasu wuraren su ƙara a kai. Allah ya tsare mu a kan hanyoyinmu, ya sa albarka a hannunka.